Kiɗan Kwamfuta: Wa Ya Ce Sai Gida Goma Sha Shida?

 Yau za mu taɓo batun kiɗan da ake haɗawa cikin kwamfuta, wanda a halin yanzu shi ne ya cika gidajen rediyo da wuraren biki da wayoyin hannun samari da 'yan mata. Duk wanda ya saurari irin wannan kiɗa da kunnen basira zai lura cewa ko a Legas aka yi shi, ko a Kano, ko a birnin Landan, sau da yawa takunsa ɗaya ne, sai ka ce ɗinkin tela guda. Dalilin wannan kama yana cikin wata 'yar dabara da ake jera bugun ganga da ita, wadda a nan za mu kira majerin kiɗa. Za mu bayyana yadda take aiki, da yadda mutum zai gina tasa da hannunsa, da kuma abin da ya sa gina ta ya fi ɗaukar wadda wani ya riga ya gina.

Don a gane majerin kiɗa, sai mai karatu ya tuna da gidajen dara. A ce an haƙa gida goma sha shida a layi ɗaya, an zuba tsakuwa a waɗansu, an bar waɗansu fayau. Sa'an nan a sa wani yaro ya riƙa bin gidajen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa ba jinkiri. Duk gidan da ya tarar da tsakuwa sai makaɗi ya buga ganga sau ɗaya, wanda ya tarar ba kome kuwa sai a yi shiru. In ya kai gidan ƙarshe sai ya komo na farko. To, ai ka sami kiɗa ke nan mai maimaita kansa. In aka haƙa layi na biyu a ƙasan na farko don ƙaramar ganga, da na uku don kacau-kacau, yaron nan yana bin su gaba ɗaya, ka ga an tara ƙungiyar makaɗa ba tare da an ciyar da kowa ba. Iyakar majerin kiɗa ke nan: gidaje, da tsakuwa, da yatsa mai bin su a kan lokaci.

Dabarar kanta tsohuwa ce ƙwarai. A ƙarni na 9, a birnin Bagadaza, waɗansu 'yan'uwa uku da aka sani da Banu Musa, watau Muhammadu da Ahmadu da Hasan 'ya'yan Musa ɗan Shakir, sun rubuta bayanin wata sarewa mai busa kanta. Ruwa ne ke juya wani gungume mai haƙora a jikinsa, duk haƙorin da ya iso sai ya ɗaga murfin wata kafa ta sarewar. Wuraren da aka dasa haƙoran su ne waƙar. Amma siffar da aka saba gani yau ta samo ƙarfinta ne daga wani injin kiɗa mai suna TR-808, wanda kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fito da shi a shekarar 1980. A gaban injin akwai maɓallai 16 a jere, an raba su huɗu-huɗu da launi dabam-dabam. Da fari bai yi kasuwa ba, don mutane sun ce sautinsa bai yi kama da na ganga ta gaskiya ba, har aka daina ƙera shi a 1983 bayan an yi kimanin 12,000. Da ya yi araha a kasuwar kayan da aka yi amfani da su, sai matasan baƙar fata na Amurka suka rungume shi. Faifan nan Planet Rock na Afrika Bambaataa, wanda ya fito a 1982, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa sautinsa.

Me ya sa gida 16? Saboda a galibin kiɗan rawa na Turai da Amurka ana ƙirga taku huɗu-huɗu ne, kowane taku kuma a raba shi huɗu. Huɗu sau huɗu goma sha shida. Da manhajojin kwamfuta suka zo, sai suka gaji wannan jeri. Manhajar FL Studio ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda ta fara fitowa a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, kuma wadda masu haɗa kiɗa da yawa a Nijeriya suka koyi aiki da ita, in ka buɗe ta gida 16 za ta shimfiɗa maka. Gaskiya ne ana iya sauya adadin a cikinta, to amma ɗan Adam abin da ya tarar a shimfiɗe shi yake zama a kai.

MANHAJAR AKWATUNA DA IGIYOYI

Akwai wata hanya ta dabam, wadda mutum ba ya karɓar majeri a gine, shi ne ke ɗora tubalinsa tun daga tushe. A tsakiyar shekarun 1980, a cibiyar binciken kiɗa da sauti ta IRCAM da ke birnin Paris, wani Ba'amurke masanin lissafi mai suna Miller Puckette ya ƙago manhajar da aka raɗa wa suna Max, don girmama Max Mathews, mutumin da ya rubuta manhajar fitar da sauti daga kwamfuta tun a 1957 a ɗakunan bincike na Bell a Amurka. A cikin Max ba a rubuta dogayen layukan umarni. Ƙananan akwatuna ake ajiyewa a kan farin allo, kowane akwati da aikinsa guda, sa'an nan a haɗa su da igiyoyi, saƙo ya riƙa gangarawa daga wannan zuwa wancan kamar ruwa a lambatun fadama. An fara sayar da Max a 1990. Daga 1997 kamfanin Cycling '74 ya ci gaba da kula da ita, shi kuma kamfanin Ableton na Jamus ya saye shi a 2017.

Max ta kuɗi ce. Amma bayan da Puckette ya koma Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego, sai a 1996 ya fito da ƙanwarta mai suna Pure Data, wadda ake taƙaitawa Pd, ya kuma sake ta kyauta ga duk mai so. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfutar cinya ma tana ɗaukarta, kuma ba ta bukatar intanet bayan an sauko da ita. Da ita za mu yi misali, ko da yake wanda ya iya ta, in ya zauna gaban Max ba zai yi baƙunta ba.

Abu na farko shi ne yatsan yaron nan, watau agogo. Akwatin da ke wannan aiki sunansa metro. Aikinsa kawai ya riƙa fitar da wani ɗan saƙo da ake kira bang, wanda ma'anarsa ita ce a yi yanzu. Ana auna tazarar saƙonnin da milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ga lissafin: minti ɗaya milisakan 60,000 ne. In ana son kiɗa mai taku 120 a minti, sai a raba 60,000 da 120, a sami 500. Tun da kowane taku gida huɗu ne, sai a raba 500 da 4, a sami 125. Saboda haka a cikin akwatin sai a rubuta metro 125, a ɗaura masa makunni a samansa. Da an kunna, zai riƙa bugawa sau takwas a kowane sakan, ba ya gajiya, ba ya mantuwa.

Abu na biyu shi ne ƙidaya, don agogo bai san gida na nawa aka kai ba. Ana yin maƙirgi da akwatuna biyu: ɗaya mai suna f, wanda ke riƙe lamba, da ɗaya mai suna + 1, wanda ke ƙara ɗaya a kan duk abin da aka ba shi. A nan akwai wata ƙa'ida da ya wajaba a kiyaye. Akwatin f yana da kafar shiga biyu. Ta hagu ita ake kira mai zafi, don duk abin da ya shiga ta nan, nan take akwatin zai fitar da amsa. Ta dama kuwa mai sanyi ce, ajiya kawai take karɓa. Sai a haɗa agogo da kafar hagu ta f, a haɗa mafitar f da + 1, a komo da amsar + 1 cikin kafar dama ta f. Da haka duk bugun agogo sai lamba ta fito, a kuma ajiye ta gaba. Wanda ya kuskura ya mai da amsar cikin kafar hagu, akwatunan biyu za su yi ta jifan juna da lamba ba tsayawa, har manhajar ta katse su ta rubuta gargaɗi. Kusan duk mai koyo sai ya faɗa wannan rami sau ɗaya, kuma daga nan yakan gane bambancin kafofin biyu har abada.

Abu na uku shi ne komowa gidan farko. In aka bar maƙirgi haka, zai yi ta hawa ne ba iyaka. Sai a sa masa akwati mai suna mod 16, wanda ke raba lamba da 16 ya fitar da ragowar da ta saura. Lamba 16 ta zama 0, 17 ta zama 1, 32 ta sake zama 0. A lura kwamfuta daga sifiri take fara ƙidaya, don haka gidajen su ne 0 zuwa 15. Na huɗu kuma su ne gidajen da tsakuwarsu: a buɗe jadawali mai gurbi 16, a sa 1 inda ake son bugu, 0 inda ake son shiru. Akwatin tabread zai leƙa gurbin da maƙirgi ya nuna, akwatin select 1 kuma zai bar saƙo ya wuce in ya ga 1 kaɗai. Na ƙarshe shi ne sauti: a ɗauki muryar ganga ta gaskiya da na'urar ɗaukar magana, a ɗora ta cikin manhajar, akwatin tabplay~ ya riƙa buga ta duk sa'ad da saƙo ya iso. Akwatuna ba su kai goma ba, an gama majeri. Don ƙara ganga ta biyu, sai a ƙara jadawali, a ja igiya daga maƙirgin nan dai.

INDA MAGANAR TAKE

To, jama'a, yanzu a dubi akwatin nan mod 16. Wanda ya gina majerin da hannunsa ya san shi ne ya rubuta lambar 16, kuma ba abin da zai hana shi share ta ya rubuta wata. Wannan ɗan ƙaramin sani kuwa shi ne ribar aikin duka, don akwai kiɗa mai yawa a Afirka ta Yamma da ba ya tafiya a kan goma sha shida, a kan goma sha biyu yake tafiya. Misali mafi shahara shi ne bugun ƙarfen nan mai baki biyu, ɗan'uwan kugen Hausawa, wanda Ewe na Gana da Togo ke kira gankogui. Bugu bakwai ne cikin gida goma sha biyu, a gida na 0, 2, 4, 5, 7, 9 da 11. Ana samun wannan taku a kiɗan Yarabawa, kuma bayin da aka kwasa daga wannan yanki sun ƙetara da shi har Kuba da Barazil, inda yake raye har yau. Wani abin mamaki, in ka ƙirga tazarar da ke tsakanin buge-bugen, biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya, daidai take da jerin fararen haƙoran fiyano a tsakanin baƙaƙe. In ka nemi cusa wannan taku cikin gida goma sha shida, dole ka matsa wani bugu gaba, ka ja wani baya. Abin da zai fito zai yi kama da na asali, amma tsohon makaɗi da ya ji zai girgiza kai. A Pure Data kuwa gyaran bai wuce share lamba biyu ba: mod 16 ta zama mod 12, kuma in ana son zagayen ya ci sakan biyu kamar dā, metro 125 ta zama kimanin metro 167.

Masana lissafi ma sun shigo wannan zance. A shekarar 2005, Godfried Toussaint na Jami'ar McGill da ke Montiriyal ta ƙasar Kanada ya nuna cewa yawancin shahararrun takun kiɗa na gargajiya a duniya suna fitowa ne in aka rarraba buge-buge cikin gidaje daidai gwargwadon yadda zai yiwu, kuma hanyar rabon ta yi daidai da wata tsohuwar dabarar lissafi ta Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, malamin da ya zauna a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Mai karatu zai iya gwada wannan da fensir. A ce bugu 3 ake so cikin gida 8. A ɗauki lambar kowane gida a ninka da 3, a raba da 8, a duba ragowa; in ragowar ba ta kai 3 ba, to, gidan na bugu ne. Ragowar za su fito haka: 0, 3, 6, 1, 4, 7, 2, 5. Waɗanda ba su kai 3 ba suna gida na 0 da na 3 da na 6, watau uku, uku, biyu, takun da mutanen Kuba ke kira tresillo, wanda kuma kunnen ɗan Nijeriya ya sha ji a kiɗan zamani. A gwada 7 cikin 12, za a ga takun ƙarfen nan na Ewe ya fito, sai dai daga gida na 7 yake somawa. A cikin Pure Data akwatuna uku suka isa wannan lissafi: na ninkawa, da mod, da na gwada ƙarami da babba.

Haka kuma ba dole ba ne duk layuka su zama tsawo ɗaya. A ba babbar ganga mod 4, a ba ƙarama mod 3, agogo guda yana tura su. Za su tashi tare, su rabu, su sake gamuwa bayan gida goma sha biyu. In ɗaya 16 ce ɗaya 12, sai bayan gida 48 za su sake haɗuwa. Wannan rabuwa da gamuwa ita ce gishirin kiɗan ganguna da yawa, kuma wanda ya ga igiyoyin a gabansa zai fahimci da ido abin da kunnensa ya daɗe yana ji.

ABIN DA GIDAJE BA SU RIƘEWA

Duk da haka kada a ɗauka sauya lamba ya gama magana. Hannun ɗan Adam ba ya raba taku daidai wa daida kamar awon gwal. Wani masani Bajamushe mai suna Rainer Polak, wanda ya yi shekaru yana koyon kiɗan jembe a Bamako ta ƙasar Mali, ya auna bugun makaɗan can, ya kuma wallafa a 2010 cewa a waɗansu kiɗe-kiɗensu suna raba taku uku ne ba daidai ba, gajere, matsakaici, dogo, kuma haka suke yi kullum da gangan, ba kuskure ba ne. Masu ƙera injuna sun daɗe da gane wani ɓangare na wannan. Roger Linn na Amurka ya sa wa injin kiɗansa LM-1 wata dabara ta jinkirta kowane gida na biyu, don kiɗan ya yi rangaji. A majerin da muka gina, akwatin delay ne ke wannan aiki: maimakon 125 da 125, sai a yi 150 da 100, jimla dai 250 ce, amma kiɗan ya daina tafiyar soja. Wanda ya so ya zarce haka, sai ya buɗe wani jadawali ya rubuta wa kowane gida tsawonsa.

Sa'an nan ga kalangu, wanda shi ne babban gwaji. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata, sautin ya hau, ya saki, sautin ya sauka, yana bin hawa da saukar muryar Hausa, har wanda ya san kirarin da ake bugawa ya ji shi sarai ba tare da an buɗe baki ba. Duk wanda ya saurari makaɗan marigayi Alhaji Mamman Shata ya san haka. Jadawalin 1 da 0 ba zai iya faɗin wannan ba, don shi bugu da shiru kaɗai ya sani. Sai an ƙara masa jadawali na biyu mai riƙe hawan sautin kowane gida, da na uku mai riƙe ƙarfin bugu, da akwatin line~ wanda zai zame daga wannan sauti zuwa wancan a hankali kamar matsin hammata. Ana iya yin duk wannan, amma sai wanda ya san abin da kalangu ke faɗa ne zai san lambar da zai rubuta. Ba kamfanin da ke Japan ko Beljiyam da zai zauna ya yi mana wannan aiki, kuma ba laifinsu ba ne, kowa gonarsa yake nomawa.

Abin tsoron shi ne, kunne abin da ya saba ji shi yake ɗauka daidai. In yara suka tashi shekara ashirin ba su jin kome sai kiɗan gida goma sha shida mai taku daidai wa daida, ranar da suka ji kotso ko kalangu na ainihi za su ce makaɗin ne bai iya ba. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A nan kuwa har kunnen mai sauraro ke sauyawa, kuma ba wanda zai lura sai abu ya yi nisa.

Saboda haka shawararmu ga samari masu ɗakunan haɗa kiɗa ita ce, ba a ce ku yar da manhajojin da kuke cin abinci da su ba, amma ku ware ko da yamma ɗaya a mako ku gina majeri naku. Ku je wurin tsofaffin makaɗa da ladabi, ku nemi izninsu, ku biya su haƙƙinsu, ku ɗauki bugunsu, ku ƙirga gida nawa yake zagayawa a kai kafin ku rubuta kowace lamba cikin akwati. Malaman lissafi na makarantun sakandare su ma ga abin koyarwa ya zo musu har gida, don yaron da ragowar rabawa ta gagare shi a kan allo, in ya ji ta tana buga ganga ba zai sake mantawa ba. Sassan koyar da kiɗa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu kuwa, ya kamata su haɗa kai su auna kiɗe-kiɗenmu kamar yadda aka auna na Bamako, tun masu su suna da rai. Kayan aro dai ba ya rufe katara, ga shi kuma an ba mu zare da allura kyauta.